Duwatsu Masu Amo na Birnin Kudu

A watan Yuni na shekarar 1955 wani Baturen Ingila mai binciken kayan tarihi, Bernard Fagg, yana aiki a cikin duwatsun Birnin Kudu. Abin da ya kawo shi daga Jos shi ne zanen shanu da mutanen dauri suka bari a jikin kogwanni. Yana cikin wannan aiki ne hankalinsa ya kai ga wasu falalen duwatsu da ke daf da zanen, waɗanda gefensu ya cika da ƙananan ramuka masu sulɓi, alamar an daɗe ana dukan wuri ɗaya. Da aka ƙwanƙwasa su da ɗan dutsen da zai cika tafin hannu, sai suka ba da amo garau irin na ƙarfe, kowane rami da muryarsa.

A littattafan masana, daga wannan wata ake fara lissafin binciken duwatsun kiɗa a Afirka. Mutanen Birnin Kudu kuwa ba su ga wani sabon abu ba, don yaransu sun tashi suna buga waɗannan duwatsu, iyayensu mata kuma sun san hanyar wurin tun suna 'yan mata. Tambayoyi biyu ne suka rage. Yaya aka yi mutanen dauri suka tsamo 'yan duwatsun nan daga cikin dubbai da ba sa cewa uffan? Kuma me ya sa dutse, wanda ake buga misali da shi wajen tauri da rashin motsi, yake iya fitar da murya? Amsar ta biyu ta ɗauki masana fiziks kimanin shekara 300 kafin su gama rubuta ta, ta kuma kai su ga wata ƙa'ida da yau ake aiki da ita tun daga ginin gada har zuwa binciken abin da ke cikin ƙwayar atam.

Ƙasa da duwatsunta

Birnin Kudu tana kudancin Jihar Jigawa, kimanin kilomita 130 kudu maso gabas da Kano. Ita ce hedikwatar ƙaramar hukumar da ta ƙunshi mazaɓu irin su Yalwan Damai da Kiyako da Kantoga, tana kuma maƙwabtaka da Gwaram. Matafiyin da ya baro shimfiɗaɗɗiyar ƙasar Wudil zai ga sauyi tun kafin ya shiga gari. Gonakin dawa da gero suna nan yadda ya saba gani, amma a tsakaninsu curarrun duwatsu sun taso, wani a kan wani, wasu sun jingina da juna sun bar inuwa a ƙarƙashinsu.

Dutsen giranit ne. Asalinsa narkakken dutse ne da ya huce sannu a hankali a ƙarƙashin ƙasa, shi ya sa in aka duba shi da kyau ake ganin ƙwayoyinsa daban-daban, fari mai sheƙi da ja-ja da baƙi mai walƙiya, sun kama juna ba rata. Masana ilimin ƙasa sun bi wani dogon layi na irin waɗannan duwatsu da ya taso daga Azbin a Nijar, ya ratsa Damagaram, ya gangaro har Jos. Duwatsun garin Dutse da na Shira da na Fagam a ƙasar Gwaram duk suna kan wannan layi, kuma na ɓangaren Nijeriya shekarunsu sun kama daga miliyan 140 zuwa sama da miliyan 200. Da ruwa da iska suka kwashe ƙasar da ta danne su, sai giranit ɗin ya riƙa ɓarewa falle-falle daga sama. Wani falle ya zame ya nutse cikin turɓaya. Wani ya tsaya a kan 'yan'uwansa, wuri biyu ko uku kawai yake taɓawa, sauran jikinsa a sake. Irin wannan na biyun shi yake zama dutsen kiɗa, ba tare da an sassaƙa shi ko an ɗaga shi daga inda ya faɗi ba.

Garin kansa tsoho ne a ƙasar Kano, kuma mai sarautar Sarkin Kudu. A rabin ƙarshe na ƙarni na 19 wannan yanki, har da Gwaram, shi ne bakin daga tsakanin masarautar Kano da Ningawa, masu kawo hari daga duwatsunsu na kudu. Turawa sun ci Kano a 1903, aka ƙirƙiro Jihar Kano a 1967, sannan ranar 27 ga Agusta 1991 Birnin Kudu ta faɗo cikin sabuwar Jihar Jigawa. Shaidar da ke jikin kogwannin ta girmi duk waɗannan.

Shanu marasa tozo

Kowane wurin zane da sunansa: Dutsen Mesa, Dutsen Habude, Dutsen Murufu, Dutsen Zango, Dutsen Atiye. Mafi yawan abin da aka zana shanu ne, da jan launi da baƙi da fari. Duk makiyayin da ya tsaya gabansu zai lura nan take cewa ba su da tozo. Bunaji da Rahaji da ke kiwo a dazukan Jigawa yau duk masu tozo ne, zuriyar wasu shanu 'yan asalin Asiya da suka shigo Afirka daga baya. Na jikin dutsen kuwa bayansu a miƙe yake, wasu da dogayen ƙahonni, wasu da gajeru. Daga cikin marasa tozon da suka rage a Nijeriya akwai muturu na kudu da shanun Kuri na Tafkin Chadi. Ke nan masu zanen sun san wani irin garke da ya riga mai tozo mamaye ƙasar Hausa.

Fagg ya lura cewa duwatsun kiɗan ba sa nisa da zanen, ya kuma yanke cewa da wuya a ce haɗuwar tasu ta katsaham ce. Ya samu al'adar tana da sauran rai. Ya rubuta cewa amaren Birnin Kudu sukan je Dutsen Murufu lokacin bikinsu, su wuni a can kafin a kai su ɗakin miji. Kusa da wasu duwatsun akwai gangaren fa da ya yi santsi ƙal saboda sulun yara, tsara bayan tsara. A wasu sassan Arewa an same su ana kaɗa su a bukukuwan kaciya da na girma, a wasu wuraren kuma da su mutanen kan dutse suke sanar da juna cewa mahaya sun doso.

Kiɗan ba ya buƙatar komai sai dutsen hannu. Makaɗi yakan zauna ko ya durƙusa a gefen falle, ya riƙa sauya wurin da yake duka, wannan rami ya ba shi siririyar murya, wancan ya ba shi kakkaura. Mutum biyu ko uku suna iya raba dutse ɗaya, kowa da ɓangarensa. Ramukan da ke baki su ne rajistar abin da kunnuwa suka zaɓa, domin giranit ba ya lotsawa da dukan shekara ɗaya ko biyu. Inda aka ga rami mai zurfi, to hannuwa masu yawa sun yarda cewa nan ne muryar take.

Fagg, wanda ya zo Nijeriya a 1939, shi ne ya fito da labarin gumakan Nok ga duniya, ya kuma buɗe gidan tarihi na Jos a 1952. Bai ɓata lokaci ba wajen kai labarin Birnin Kudu gaban masana. Ya gabatar da shi a taron masu binciken tarihin Afirka da aka yi a Livingstone, cikin Zambiya ta yau, a 1955, sannan ya buga shi a mujallar Man ta Landan a 1956. Daga nan rahotanni suka fara shigowa. An samu irinsu a Kufena ta Zariya da yankin Bokkos a Filato, an samu a Uganda da Tanzaniya da Sudan, har Indiya. Bayan rasuwarsa a 1987, matarsa Catherine Fagg ta tattara abin da aka sani a duniya cikin littafinta Rock Music, wanda gidan tarihi na Pitt Rivers da ke Oxford ya buga a 1997.

Abin da kunne ya tantance

Sharuɗɗa uku ne suke sa dutse ya yi amo, kuma masu kiɗan sun gano su duka ta hanyar gwaji.

Na farko, kada ya kasance da tsaga. Wannan sananne ne a kowace kasuwar ƙauye: mai sayen tukunya ba ya biya sai ya ƙwanƙwasa ta da yatsa, in ta yi ƙara garau ya ɗauka, in ta yi dum ya ajiye, ko da idonsa bai ga komai ba. Tsaga tana da baki biyu da ke gogar juna duk lokacin da jiki ya kaɗa, gogayyar kuma tana cinye ƙarfin bugun ta mai da shi zafi kafin ya zama amo.

Na biyu, ya kasance a sake. Dutsen da ya nutse cikin ƙasa yana miƙa wa ƙasar duk abin da aka ba shi. Wanda ke zaune a kan 'yan wurare kaɗan kuwa yana riƙe kaɗawarsa, musamman in matokaran sun faɗo inda jikinsa ba ya motsi. A miƙaƙƙiyar sanda ta dutse ko ƙarfe ko itace, irin waɗannan wurare biyu ne ga babbar muryarta, kowanne kimanin kashi 22 cikin 100 na tsawonta daga baki. Nan ne masu haɗa balafon a Mali da Gini suke ɗaure itatuwansu.

Na uku, siffa. In sanduna biyu kaurinsu ɗaya amma ɗaya ta ninka 'yar'uwarta tsawo, yawan kaɗawarta a sakan zai sauka zuwa kashi ɗaya cikin huɗu, muryarta ta yi ƙasa sosai. In kuwa tsawonsu ɗaya, wadda ta ninka kauri kaɗawarta ita ma ninkawa take. Falle guda yana da hanyoyin lanƙwasa da yawa, kowace da muryarta, kuma wurin da aka buga shi ke zaɓar wadda za ta fi fitowa. Dalilin ke nan da dutse ɗaya yake ba da muryoyi da dama. Akwai kuma dalilin da ya sa kunne yake jin ƙarfe-ƙarfe. Tsirkiyar gurmi ko ta goge tana fitar da ƙananan muryoyi da suka ninka babbar sau 2, sau 3, sau 4, a jere. Sanda mai tauri kuwa nata suna faɗowa wajen sau 2.76 da sau 5.4, ba su jeru ba. Irin wannan rashin jeruwa shi ake ji a ƙararrawa da kugen fada.

Daga Hooke zuwa Germain

A Turai, zaren labarin ya fara ne daga Robert Hooke, wanda a 1678 ya buga ƙa'idarsa a Landan: gwargwadon jan da aka yi wa abu, gwargwadon miƙewarsa, in aka sake shi kuma ya koma yadda yake. A 1787 wani Bajamushe, Ernst Chladni, ya nuna yadda za a ga amo da ido. Yakan barbaɗa yashi a kan farantin ƙarfe ko gilashi, ya goga bakan goge a gefensa, sai yashin ya gudu daga inda ke kaɗawa ya taru a layukan da ba sa motsi, ya fitar da zane. Da ya nuna wannan a Paris gaban Napoleon, sai cibiyar masana ta Faransa ta sa gasa a 1809, shekarar da aka kafa birnin Sakkwato, ga duk wanda zai iya bayyana zanen da lissafi.

Manyan masana lissafi suka ja da baya. Wadda ta shiga ita ce Sophie Germain, macen da ta koyi lissafi a gida saboda makarantun zamanin ba sa karɓar mata. Sau biyu ana mayar mata da aikinta, a karo na uku, cikin 1816, ta ci kyautar. Lissafinta yana da gyara, kuma Gustav Kirchhoff ne ya kammala shi a 1850, amma ita ta buɗe ƙofar. Ƙa'idar lanƙwasar faranti da ta faro ita ce ke bayyana fallen Dutsen Mesa, ita ce kuma injiniya yake amfani da ita yau in zai zuba dakin bene.

A tsakanin nan aka yi wata jayayya mai muhimmanci. A 1821 Claude-Louis Navier ya zauna ya ƙaddara cewa kowane abu mai tauri tarin ƙananan ƙwayoyi ne da ke jan juna da tura juna, ya fitar da lissafin yadda zai motsa. Sakamakonsa ya ce lamba ɗaya tak ta isa ta bayyana taurin abu. A 1822 Augustin Cauchy ya bi wata hanya, bai ce komai game da ƙwayoyi ba, ya ɗauki abu a matsayin dunƙule guda. George Green na Ingila ya ƙarfafa wannan hanya a 1837, kuma ita ta ce lamba biyu ake buƙata: ɗaya ta yadda abu ke ƙin matsewa, ɗaya ta yadda yake ƙin murɗewa. Aka shafe shekaru ana gardama, har awon da Guillaume Wertheim ya yi a 1848 da na Woldemar Voigt a shekarun 1880 suka nuna lamba biyu ce gaskiya.

Abin lura a nan shi ne, hoton ƙwayoyin da Navier ya ƙaddara bai yi daidai ba, amma siffar lissafin da ya fitar ta zo ɗaya da ta Cauchy. An gina gadoji da layin dogo a kan wannan lissafi tun kafin a tabbatar da samuwar atam a farkon ƙarni na 20, kuma da aka tabbatar, ba a rushe ko layi ɗaya daga cikinsa ba.

Inda ƙarfi ya yi kaɗan

Dalilin da ya sa lissafin bai rushe ba yana cikin girman tazarar da ke tsakanin hannun makaɗi da atam. Kunnen ɗan Adam yana jin abin da ke kaɗawa daga sau 20 zuwa sau 20,000 a sakan. Atam ɗin da ke cikin dutse kuwa suna karkarwa wajen sau tiriliyan 10 a sakan. Amo yana tafiyar mita 340 a sakan cikin iska, amma cikin giranit yana yin kimanin mita 5,000. Saboda haka igiyar amo mai kaɗawa sau 1,000 a sakan, in ta ratsa cikin dutsen kai tsaye, tsawon zangonta ɗaya ya kai mita 5. A cikin milimita guda kuwa ana iya jera atam kusan miliyan 4. Igiyar da ta kai wannan tsawo tana ɗaga biliyoyin atam tare ta sauke su tare, ba ta iya bambance wannan da wancan. Ko ƙwayoyin giranit da ido ke gani, fari da ja da baƙi, sun yi mata ƙanƙanta.

Abin da ya rage bayan wannan gauraya lambobi uku ne kacal: nauyin dutsen gwargwadon girmansa, da lambobin tauri biyun nan. Duk sauran bayanin, wane irin atam ne, yaya suka jeru, me ke riƙe da su, ya narke cikin waɗannan uku. Wannan shi masana fiziks suke nufi in suna maganar haddin ƙaramin ƙarfi: in aka taɓa abu a hankali, da ƙarfi kaɗan da doguwar igiya, amsar da zai bayar mai sauƙi ce, kuma ba ta dogara da cikakken sirrin cikinsa ba. Makaɗin Dutsen Murufu yana aiki ne a tsakiyar wannan haddi. Bugunsa yana lanƙwasa fallen da abin da ido ba zai gani ba, ƙa'idar Hooke ta riƙe, dutsen ya koma yadda yake.

Peter Debye ya nuna ƙarfin wannan tunani a 1912. Ana neman sanin yawan zafin da abu mai tauri yake sha in an sanyaya shi matuƙa, inda ƙarfin da ke yawo a cikinsa ya yi ƙasa ƙwarai. Debye ya ce a wannan hali babu motsin da ya rage sai dogayen igiyoyin amo, don haka ya ɗauki saurin amo cikin abin ya yi lissafi da shi. Ya samu cewa in aka rage ma'aunin zafi, wanda ake ƙirgawa daga sifirin ƙarshe, zuwa rabi, abin da jikin ke sha zai koma kashi ɗaya cikin takwas. Awo ya gaskata shi. A 1932 masanin Rasha Yakov Frenkel ya raɗa wa ƙwayar wannan amo suna fonon. Muryar da ake ji a kogon Birnin Kudu ita ce fonon mafi tsawon zango da dutsen yake da shi.

Daga duwatsu tunanin ya tsallaka zuwa sauran fiziks. Ƙa'idojin motsi da Isaac Newton ya buga a 1687 sun zama abin da ke saura daga na Albert Einstein na 1905 in gudun abu bai kusanci na haske ba, wato kilomita 300,000 a sakan. Enrico Fermi ya rubuta ƙa'idar wani nau'in ruɓewar ƙwayar atam a tsakanin 1933 da 1934 da lamba ɗaya kawai, ta yi aiki shekaru da dama, alhali ƙwayar da ke haddasa abin, wadda ake kira W, sai a 1983 aka gan ta a cibiyar CERN da ke Geneva, nauyinta ya ninka na furoton sama da sau 80. Kenneth Wilson ya fitar da lissafin da ke nuna yadda bayanan ƙananan abubuwa suke shuɗewa mataki-mataki in ana ja da baya, aikin da ya ba shi kyautar Nobel a 1982. Steven Weinberg kuma a 1979 ya mai da abin hanyar aiki: a rubuta duk abin da daidaiton halitta ya yarda da shi a matakin ƙarfin da ake ciki, a auna 'yan lambobin da suka rage, a ci gaba. Yau masana da yawa suna kallon ko da ƙa'idar Einstein ta jan ƙasa a matsayin irin wannan, siffar ƙaramin ƙarfi ta wani abu mai zurfi da ake kan nema.

Inda haddin ya ƙare

Kowace ƙa'ida irin wannan tana da bakin iyaka, kuma ta dutse tana ƙarewa ne inda guduma ta fi ƙarfinsa. A 1921 injiniyan Ingila A. A. Griffith ya bayyana dalilin da ya sa gilashi yake karyewa da ƙarfin da bai kai ko kusa da abin da riƙon atam ɗinsa ya kamata ya jure ba. Ƙananan tsagogi ne da ido ba ya gani. Ƙarfi yana taruwa a bakin tsaga, in ya kai wani mizani sai ta ruga. A wannan lokaci ƙananan abubuwan da doguwar igiya ta yi watsi da su su ne suke yanke hukunci, lambobi ukun nan ba sa isa.

Masu fasa dutse a Arewa sun san wannan ɓangaren sarai. Giranit yana jure danniya fiye da ja sau goma ko fiye, shi ya sa ba a fasa shi da matsi. Ana hura wuta a kansa, da itace ko tsofaffin tayoyi, saman ya buɗe da zafi, cikin ya ƙi binsa, tsaga ta shiga, sannan a bi ta da turu da guduma. Sana'a ce ta halal da ke ciyar da gidaje, kuma tsakuwar da take fitarwa ita ke cikin hanyoyi da gine-ginen jihar. Sai dai falle mara tsaga, wanda ke zaune a sake a sama, shi ne mafi sauƙin ɗauka ga mai neman tsakuwa, shi ne kuma dutsen kiɗa. Wutar yini ɗaya ta isa ta kashe muryar da ta daɗe tana jiran makaɗa.

Ɗauke dutsen zuwa gidan tarihi ma ba ya warware matsalar gaba ɗaya. An ga haka a Sudan, inda madatsar ruwa ta Merowe da aka kammala a 2009 ta shanye wani dogon yanki na bakin Kogin Nilu mai duwatsun kiɗa da yawa. Masu bincike sun yi rige-rige suka rubuta su, aka ceto wasu, ɗaya yana gidan tarihi na Birtaniya a Landan. Amma tun da muryar falle ta dogara da inda yake taɓa 'yan'uwansa, dutsen da aka sauya wa mazauni ba lalle ne ya yi amon da masu shi suka sani ba. Na Birnin Kudu suna da wannan fifiko, cewa har yanzu suna inda makaɗansu suka bar su.

Gwamnatin Nijeriya ta sanya wuraren zanen Birnin Kudu cikin kayan tarihi na ƙasa a shekarun 1960, kuma yau suna hannun Hukumar Gidajen Tarihi da Kayan Tarihi ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1979, tana kuma da cibiya a garin. Doka tana kare zanen da ake gani. Amon da ake ji kuwa yana buƙatar wani irin aiki, kuma aikin bai fi ƙarfin makarantun yankin ba. Ƙa'idar Hooke da igiyoyin amo suna cikin manhajar fiziks ta babbar sakandare, wadda ɗaliban Kwalejin Gwamnati ta Birnin Kudu da takwarorinsu na Gwaram da Yalwan Damai suke haddacewa don jarrabawa. Jami'ar Tarayya ta Dutse, da aka kafa a 2011, ba ta da nisa. Wayar hannu ta yau tana iya ɗaukar amo ta nuna sau nawa yake kaɗawa a sakan.

Rajistar da ake buƙata mai sauƙi ce: kowane falle da sunan dutsen da yake, tsawonsa da faɗinsa da kaurinsa, wuraren da yake zaune a kai, yawan ramukansa, da muryar kowane rami. A haɗa da abin da dattawan garin, musamman mata, suke tunawa na yadda ake kaɗawa da lokacin da ake zuwa, domin waɗanda suka yi amarci a shekarun 1950 sun haura shekara 80. Irin wannan rajista tana da amfani na biyu da injiniyoyi suka daɗe suna cin moriyarsa wajen duba kankare da ƙafafun jirgin ƙasa: in aka dawo bayan shekara biyar aka ji muryar wani falle ta sauka ko ta daina daɗewa, to tsaga ta fara shigarsa, kuma hukuma za ta san wanda za ta fara kewayewa.